Yadda ake auna cibiya mai baƙo da kwararar ilektiron

Cibiyar ƙwayar zarra ta yau da kullum furoton ne da nutiron kawai. Idan aka cire ɗaya daga cikinsu aka sa wata ƙwaya mai suna Lamda a gurbinsa, an samu abin da masana ke kira haifanukiliyas, wanda a nan za mu riƙa ce masa cibiya mai baƙo. Sunan ya dace ta fuska biyu: a cikin ƙananan ɓangarori uku, wato kwak, da suka haɗa Lamda akwai wanda ake kira baƙon kwak, kuma ita kanta Lamda baƙuwa ce a gidan. Dokar Pauli da ke hana furoton biyu ko nutiron biyu zama a gurbi ɗaya ba ta hau kanta ba, don haka tana iya sauka har ƙuryar cibiya, inda babu wani abin bincike da ke kaiwa cikin sauƙi. Marian Danysz da Jerzy Pniewski ne suka fara ganin irin wannan cibiya a Warsaw a 1952, a cikin faifan hoto mai kauri da aka aika sama da balan-balan.

Abin da ake son aunawa shi ne ƙarfin riƙo, wato makamashin da za a kashe kafin a ɓamɓare Lamda daga cibiyar, da kuma matakan da take iya zama a kansu. Nauyin Lamda 1115.68 MeV ne (da MeV ake ƙirga makamashi da nauyin irin waɗannan ƙwayoyi, dubunsa shi ne GeV), ba ta da caji, kuma rayuwarta kimanin fikosakan 263 ce. Ba za a iya yin faifan hari, wato abin da ake harba wa ƙwayoyi, da ita ba, yin kwarara mai kyau da ita ma da wuya ƙwarai. Saboda haka yawancin abin da aka sani game da yadda take jan furoton da nutiron daga waɗannan matakai aka ciro shi.

Dalilin zaɓar ilektiron

Hanyoyin da suka riga su ne harba ƙwayar kayon (K⁻) a kama ƙwayar fayon (π⁻), kamar yadda aka yi a CERN da Brookhaven, da harba π⁺ a kama K⁺, wanda aka yi a Brookhaven da KEK ta Japan. Dukansu nutiron suke mayarwa Lamda, kuma kwararar tasu ta hannu na biyu ce, mai faɗi da warwatsewar makamashi, sai an auna kowane ɗan harbi ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma buƙatar faifai mai kaurin giram da yawa a kowane santimita murabba'i. Kaifin awonsu bai cika sauka ƙasa da 1.5 MeV ba.

A hanyar ilektiron, wadda ake rubutawa (e,e′K⁺), ilektiron na wucewa kusa da cibiya ya saki foton na aro, wato ƙullin haske na ɗan lokaci da ba ya fitowa fili, foton ya bugi furoton, furoton ya zama Lamda, K⁺ ya fice. Amfaninta uku ne. Kwararar ta fito kai tsaye daga na'ura, siririya ce, kaurinta kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita, warwatsewar makamashinta ba ta wuce kashi 1 cikin 10,000 ba, don haka ana iya kaiwa kaifin kusan rabin MeV. Na biyu, foton na iya juya sifin, wato jujjuyawar da ƙwaya ke da ita a karan kanta, yana buɗe matakan da fayon da kayon ba sa taɓawa sosai. Na uku, kuma a ganinmu shi ne mafi girma: tunda furoton ake mayarwa Lamda, ana iya yin gwajin a kan haidirojin, a samu Lamda da 'yar'uwarta Sigima-sifili tsirara, waɗanda an san nauyinsu sarai. Ma'auni ke nan da ba ya jingina da wani tsohon awo. Masu mayar da nutiron ba su da wannan gata, domin babu faifan nutiron zalla.

Farashinta shi ne ƙarancin samu. Faɗin karo, abin da ke nuna yiwuwar aukuwar karon, na matakin ƙasa a kabon-12 kimanin nanoban 100 ne a kowane siteradiyan (awon faɗin kusurwar da ake kallo), wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da fayon ke bayarwa. Ana cike giɓin da yawan ilektiron, kuma daga nan duk wahalar aikin take farawa.

Na'ura da zaɓen makamashi

Sharaɗi na farko shi ne kwarara mai ci gaba ba yankewa. Ana kama abu biyu a lokaci guda, ilektiron da ya warwatse da kayon, kuma idan na'ura tana amayo ilektiron ɗinta a dunƙule jefi-jefi, haɗuwar bogi, wato ta ilektiron da kayon da ba daga karo ɗaya suka fito ba, za ta binne ta gaskiya. Wurare biyu ne suka yi wannan aiki: na'urar CEBAF ta Cibiyar Jefferson da ke Newport News a jihar Virginia ta Amurka, da MAMI a Mainz ta Jamus. A CEBAF ɗin wancan lokaci ƙullin ilektiron na isa kowane zaure sau miliyan 499 a sakan, wato tazarar nanosakan 2 tsakanin ƙulli da ƙulli. A riƙe wannan adadi, zai dawo.

A fara da makamashin foton. Ƙofar samar da K⁺ da Lamda a kan furoton tana 0.91 GeV, samuwar na da kyau tsakanin 1.1 da 1.5 GeV ko ɗan sama. A Zaure na C, ɗaya daga zaurukan gwaji na CEBAF, an zaɓi 1.5 GeV. Lissafin mai sauƙi ne: kimanin 177 MeV na tafiya a bambancin nauyin Lamda da furoton, 16 MeV a ɓamɓare furoton daga kabon-12, Lamda ta maido 11.5 MeV da ta zauna, cibiya ta ɗauki kimanin 4 MeV na ja da baya. Abin da ya rage wa kayon ya ba shi momentom kusan 1.2 GeV/c, kuma nan aka saita tsakiyar ma'aunin kayon, HKS, maganaɗisu mai auna momentom da kusurwa, wanda ƙungiyar Jami'ar Tohoku ƙarƙashin Osamu Hashimoto ta ƙera a Japan.

Daga nan makamashin kwarara shi ne na foton a haɗa da na ilektiron da za a kama. A gwajin 2005 an yi amfani da 1.851 GeV, ilektiron mai fita na da kusan 0.35 GeV/c. A na 2009, mai lamba E05-115, an ɗaga zuwa 2.344 GeV da 0.844 GeV/c a sabon ma'auni HES. Ɗagawar na tura tarkacen ilektiron gaba su matse kusa da layin kwarara, amma tana da haraji: kaifin ma'auni kaso ne na abin da yake aunawa, kuma kashi 2 cikin 10,000 na 844 MeV ya fi kashi 2 cikin 10,000 na 350 MeV. Zaure na A ya bi wata hanya a 2004 da 2005, da kwarara kusan 3.7 GeV da manyan ma'aunai biyu da aka sa wa ƙananan maganaɗisu a gaba don su iya kallon kusurwar digiri 6.

Kayon ba ya jira. Rayuwarsa nanosakan 12.4 ce, a 1.2 GeV/c matsakaiciyar tafiyarsa kafin ya tarwatse mita 9 ce. HKS tsawonsa kusan mita 10, don haka kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke isa ƙarshe. Kowace mita da aka ƙara wa ma'auni tana cin kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage. Wanda zai yi amfani da dogon ma'auni irin na Zaure na A, mai wajen mita 25, dole ya ɗaga momentom zuwa kusan 2 GeV/c, kuma ko a haka bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Inda za a ajiye ma'aunin ilektiron

Nan ne gwajin ke tashi ko ya faɗi. Foton na aro ya fi yawa idan ilektiron ya karkata kaɗan ƙwarai, don haka hankali zai ce a kama shi a kusurwar sifili. Haka aka yi a gwajin farko, E89-009, a shekarar 2000. Ya yi nasara, ya nuna matakan boron-12 mai Lamda da kaifi ƙasa da 1 MeV, amma an sha wuya. A kusurwar sifili ne ilektiron da suka yi asarar makamashi ta hanyar sakin hasken birki suke taruwa. Sama da miliyan 100 a sakan suka riƙa dukan na'urar gano su, dole aka riƙe kwarara ƙasa da mikro'amfiya 1 a kan faifai siriri.

Akwai kuma ilektiron na Møller, waɗanda kwarara ke fizgowa daga jikin ƙwayoyin zarra na faifai. Su kusurwarsu na tafiya da makamashinsu: θ ≈ √(2m(1/E′ − 1/E)). A sa adadin 2005, za a samu kusan digiri 3. A sa na 2009, kusan digiri 1.6. To ga dabarar: tarkacen birki na faɗuwa da sauri sosai da an matsa daga sifili, na Møller suna da zobensu, yawan foton na aro kuwa a hankali yake raguwa. Sai a karkata ma'aunin ilektiron sama, tsakanin digiri 6 da 8 daga shimfiɗar da maganaɗisu ke lanƙwasawa, yadda ƙofarsa za ta kalli bayan zoben Møller. An yi asarar foton, gaskiya ne, amma tarkace ya ragu ninkin ba ninkin, har aka iya ɗaga kwarara zuwa mikro'amfiya 30 da ɗoriya a kan faifai mai kauri ninki huɗu ko biyar.

Kada a zaɓi kusurwar da ido. A kwaikwayi dukan tsarin a kwamfuta da taswirar filin maganaɗisu da aka auna, a zana yawan sigina da yawan tarkace a kan kusurwa da tsayin ɗagawa, a nemi inda sigina a kan saiwar tarkace ya fi girma. Sannan a bar wa ma'aunin damar ɗagawa ko saukewa 'yan milimita bayan an kunna kwarara, domin gefen zoben Møller kaifi gare shi, kuskure kaɗan na ninka ƙidaya.

Tunda ilektiron da kayon gaba suke fita kusa da juna, ana sa maganaɗisu mai rabawa daf da faifai: masu caji irin na furoton, kamar kayon, su yi hannu ɗaya, ilektiron su yi ɗayan. Matsalarsa ita ce yana lanƙwasa ragowar kwarara ma, sai an sake miƙar da ita zuwa ramin zubarwa, ko a lanƙwasa ta tun kafin ta iso. Yana kuma kwaso fositiron, takwaran ilektiron mai caji irin na furoton, da hasken birki ke haifarwa a faifai ya watsa su ɓangaren kayon. Idan suka daki bangon bututu ko bakin wata kafa, sai su yi ruwan tarkace a kan na'urorin gano kayon. A bi sawunsu a kwamfuta tun kafin a yanka ƙarfe.

Faifan hari da lissafin samu

Kaurin da aka saba shi ne kimanin miligiram 100 a santimita murabba'i, wato ƙasa da rabin milimita na kabon. Ga dalilin rashin wuce haka da yawa. Kafin karo abu ɗaya ke ratsa faifai yana asarar makamashi, bayan karo abu biyu ne. Idan karon ya auku a bakin shiga, asarar ta kusan ninka ta wanda ya auku a bakin fita, kuma ba a san inda ya auku ba. A miligiram 100 wannan rashin sani na kawo warwatsewar kusan 0.2 MeV. A ninka kauri, ta ninku.

Sai zafi. Kowane ilektiron na barin kimanin 0.2 MeV, a mikro'amfiya 30 wat 6 ke nan a tabo ƙarami kamar bakin allura. Kabon na jurewa. Litiyom na narkewa a digiri 180.5, don haka sai an ɗaura shi a firam mai ruwan sanyi, a kuma riƙa kaɗa kwarara tana share murabba'in 'yan milimita. Roba mai haidirojin, irin wadda ake yin leda da ita, ba ta ɗaukar fiye da kusan mikro'amfiya 2 ko da ana kaɗawa, kuma haidirojin na guduwa daga inda ya ƙone. A riƙa duba yawan Lamda a kan cajin da aka zuba. Da ya fara sauka, a matsa zuwa sabon wuri. Zaure na A ya kauce wa wannan da faifan ruwa mai kwarara kamar labule: oksijin ɗinsa ya ba da naitirojin-16 mai Lamda, haidirojin ɗinsa ya ba da ma'auni, a lokaci guda. Dabara ce mai kyau ƙwarai.

Kafin a nemi lokacin na'ura a yi wannan lissafi. Mikro'amfiya 30 ilektiron 1.9×10¹⁴ ne a sakan. A tsari irin na 2009 kowane ilektiron na ba da foton mai amfani kimanin 5×10⁻⁵, wato wajen 9×10⁹ a sakan. Faifan kabon na da cibiya 5×10²¹ a santimita murabba'i. Faɗin karo 10⁻³¹ santimita murabba'i a siteradiyan, ƙofar HKS kusan 0.008 siteradiyan. A ninka duka, za a samu kimanin 135 a awa. A cire kayon da suka mutu a hanya, saura wajen 45. A cire asarar na'urori da ta tacewa, saura 20 zuwa 30 a awa a tozo mafi girma, wato matakin da ƙidaya ta fi taruwa a kansa a zanen sakamako. Ƙananan tozaye na samun kashi ɗaya cikin biyar na wannan ko ƙasa, shi ya sa faifai ɗaya ke cin kwanaki.

Jarabar da ke zuwa a nan ita ce a ƙara kwarara. Sigina na ƙaruwa daidai da kwarara, haɗuwar bogi kuwa da murabba'inta, domin ƙidayar kowane hannu na ƙaruwa. Ninka kwarara ya ninka tozo sau biyu, ya ninka ƙurar da ke ƙarƙashinsa sau huɗu. Akwai inda ƙari ba ya ƙara komai sai gajiyar da na'urori.

Tace kayon

A hannun kayon, kayon ne mafi ƙaranci. Fayon da furoton sun fi shi yawa ninki ɗaruruwa, ga fositiron. Jerin na'urorin HKS shi ne akwatunan waya masu gas guda biyu don zana hanya, layuka uku na sandunan roba masu walƙiya don auna lokaci, layuka uku na erojel, wani daskararren abu mara nauyi mai barin haske ya wuce, da layuka biyu na akwatunan ruwa. Na ƙarshen biyu suna aiki da hasken Cerenkof, wanda abu ke fitarwa idan ya fi haske gudu a cikin abin da yake ratsawa.

A 1.2 GeV/c gudun fayon 0.993 ne na gudun haske, kayon 0.925, furoton 0.788. Erojel mai lambar karya haske 1.05 ƙofarsa 0.952 ce: fayon na haskawa, kayon da furoton shiru. Don haka duk abin da ya haska erojel a jefar. Ruwa mai 1.33 ƙofarsa 0.752 ce, ma'ana furoton ma yana ɗan haskawa, kuma mutane na yawan mantawa da wannan. Bambancin a yawan haske yake: kayon na ba da kusan ninki huɗu na furoton. Sai an sa iyaka a tsakani, kuma iyakar na motsi idan ruwa ya gurɓace ko sinadarin da aka zuba don ƙara haske ya lalace da raɗiyeshan. A riƙa duba tozon hasken kayon kowace rana.

Kwalaben karɓar haske ba sa shiri da filin maganaɗisu. Ɗan abin da ke yoyowa daga babban maganaɗisun HKS ya isa ya rage musu ƙarfi, erojel ya fara barin fayon na wucewa, kunama, wato tsarin da ke ba da umarnin ajiye bayanin karo, ta cika da shara. Garkuwar ƙarfe ba ta tare filin da ke bin tsawon kwalba sosai. Maganin da aka yi shi ne naɗa waya a jikin kowace kwalba a tura lantarkin da zai soke filin. Wata dabarar ita ce raba na'urorin rukuni-rukuni bisa hanyoyin da kayon na gaskiya ke iya bi, kunama ba ta tashi sai duk sharuɗɗan sun cika a rukuni ɗaya.

Tacewa ta ƙarshe lokaci ne. A mita 10 fayon na ɗaukar nanosakan 33.6, kayon 36.1, furoton 42.3. A lissafa lokacin barin faifai na kowane hannu, bayan an gyara tsawon hanyar kowane ɗaya, a ɗebe. Abin da zai fito kamar matsefi ne: haƙora a jere, tazarar nanosakan 2, ɗaya ya fi sauran tsayi. Dogon shi ne haɗuwar gaskiya tare da bogin da ke ƙarƙashinta, sauran bogi ne zalla. Idan haƙoran sun narke cikin juna, gyaran tsawon hanya ko na lokacin sanduna bai yi ba, kada a ci gaba. A lura kuma fayon na gaskiya na faɗowa kusan haƙori ɗaya da ɗan ɗori daga kayon, don haka kada a ɗauki samfurin bogi daga wannan gefen.

Don cire bogi, a ɗauki ilektiron daga wani karo a haɗa da kayon daga wani karo dabam, a maimaita sau da yawa. Wannan na ba da siffar ƙurar a santsi, ba tare da ƙara rawar ƙidaya ba.

Ɓataccen nauyi da saita ma'auni

Ba a ganin cibiya mai baƙo. Ana lissafa ta ne daga abin da ya shiga da abin da ya fita:

M² = (E + Mt − E′ − Ek)² − (p − p′ − pk)²

inda M nauyin cibiya mai baƙo ne, E da p makamashi da momentom na ilektiron mai shiga, E′ da p′ na mai fita, Ek da pk na kayon, Mt nauyin cibiyar faifai, sashe na biyu kuma ɗebewar kibiyoyi ce mai la'akari da kusurwa. Ƙarfin riƙo shi ne nauyin cibiyar da ta rage, boron-11 idan kabon-12 aka harba, a haɗa da nauyin Lamda, a ɗebe M. Teburan nauyi na ƙwayar zarra ne duka da ilektiron ɗinta. A cire 0.511 MeV sau shida ga kabon, sau biyar ga boron. Wanda ya manta ya shigar da kuskuren rabin MeV tun kafin ya fara.

Kasafin kaifi: kayon 0.22 MeV, ilektiron mai fita 0.17, kwarara 0.1 zuwa 0.2, faifai kusan 0.2 ko ƙasa, sai kusurwa. A haɗa murabba'ansu a ɗauki saiwa, ana wajen 0.4 zuwa 0.5. Gwajin 2009 ya samu kusan 0.54 MeV a boron-12 mai Lamda.

Na'urori na ba da wuri da kusurwa a ƙarshen ma'auni ne kawai. Mayar da su momentom da kusurwa a faifai aikin wani dogon lissafi ne mai ɗaruruwan lambobi, har hawa na shida, wanda ake farawa daga kwaikwayon kwamfuta sannan a gyara da bayanan gaskiya. Tsarin gyaran yana da muhimmanci.

A fara da kusurwa. A sa rariya, farantin ƙarfe mai nauyi da aka huda a wuraren da aka auna, a gaban ma'auni. A bar wasu ramuka a toshe ko a bambanta girmansu don a gane sama da ƙasa, hagu da dama. A gyara lissafi har hoton ramukan ya zauna inda suke. Dalilin farawa da wannan: a kusurwar kayon ta digiri 7, kuskuren miliradiyan 1 na motsa ɓataccen nauyi da kusan 0.2 MeV a haidirojin, amma 0.02 MeV kawai a boron-12, domin tasirin na raguwa da nauyin abin da aka samar. Idan aka gyara momentom da tozon Lamda alhali kusurwa na da kuskure, lissafi zai ɓoye kuskuren kusurwa a cikin momentom. Tozon Lamda zai yi kyau, na cibiya mai baƙo ya karkace, ba kuwa abin da zai nuna.

Bayan haka a ɗauko bayanan haidirojin. Lamda na 1115.68, Sigima-sifili na 1192.64, tazarar 76.96 MeV. Na farko na kafa sifili, tazarar na kafa tsawon ma'auni. Dole ƙofar ma'aunai ta ɗauki duka biyun a saiti ɗaya da na ainihin gwaji, ba tare da taɓa lantarkin maganaɗisu ba. Ƙarfen maganaɗisu na tuna inda ya fito, don haka idan wuta ta yanke a sake hawa da shi ta zagayen da aka saba, a tabbatar da ma'aunin fili da ke ciki, a kuma sake ɗaukar haidirojin. A riƙa rubuta makamashin kwarara da wurin da take sauka a kowane lokaci. Idan ana kaɗa ta, wurin saukar kowane karo ya shiga lissafi.

Hatsari mafi muni shi ne gyaran da ya wuce kima. Lambobi ɗaruruwa na iya matse kowane tarin ƙura su mai da shi tozo idan aka umarce su. Ana amfani da babban tozon boron-12 a cikin gyara don ƙara kaifi, kuma hakan halal ne, amma da sharaɗi: a ware wani kaso na bayanai da gyara bai taɓa ba a gwada a kansa, a kuma ƙirƙiri bayanan kwamfuta da aka ɓoye amsarsu, a lalata lissafin da gangan, a bi duk matakan a ga ko amsar ta dawo. Nisan da ta kauce shi ne kuskuren tsari da za a rubuta, kuma a gwaje-gwajen Zaure na C ya kan kai wajen 0.1 MeV.

Karanta tozayen

A kabon-12 za a ga manyan tozaye biyu. Na farko a ƙarfin riƙo kusan 11.5 MeV, Lamda a hawa mafi zurfi, wanda ake kira s. Na biyu kimanin 11 MeV sama da shi, daf da inda riƙo ke ƙarewa, Lamda a hawa na gaba, wanda ake kira p. Tsakaninsu akwai ƙanana, inda boron-11 kansa ya tashi zuwa matakansa na 2.12 da 5.02 MeV, Lamda na zaune a s. Yadda suka goce daga waɗannan adadi shi ne saƙon da ake nema game da ɓangaren ƙarfin da ya dogara da sifin. Bayan sifili tudu ne mai hawa, na Lamda da ta fice ba ta zauna ba.

Abu biyu na karkatar da tsakiyar tozo. Ilektiron na sakin haske kafin karo ko bayansa, wannan na ja wa tozo wutsiya ta ɓangaren ƙarancin riƙo; a ɗauki siffar daga kwaikwayo, a gwada ta a tozon Lamda, kada a dace da siffar ƙararrawa kawai. Na biyu, tozon farko tagwaye ne, matakai biyu da ake wa laƙabi da sifinsu, 1⁻ da 2⁻, tazararsu ba ta kai 0.2 MeV ba, kuma foton ya fi cika na sama. Tsakiyar abin da ake gani ba ita ce matakin ƙasa ba.

Darajar wannan ma'auni mai zaman kansa ta bayyana da aka kwatanta sakamako. Awon fayon na KEK duk an jingina shi da ƙarfin riƙon kabon-12 mai Lamda na faifan hoto, 10.76 MeV, wanda aka samo daga karo 'yan ƙalilan. Awon ilektiron, da ya haɗa da beriliyom-10 mai Lamda a kusan 8.6 MeV da naitirojin-16 a 13.76 MeV, ya nuna cewa sai an ƙara wa wancan jeri kusan rabin MeV. Faifan litiyom-7 kuma ya ba da hiliyom-7 mai Lamda a kusan 5.6 MeV, abin da ake buƙata don gwada ko Lamda na jan furoton da nutiron daidai wa daida. A Mainz an bi wata hanya mai alaƙa: a harba 1.5 GeV a kan beriliyom-9, a yi amfani da kayon a matsayin shaida, a auna fayon da gutsuren cibiya ke fitarwa bayan ya tsaya. Haidirojin-4 mai Lamda ya ba da layi a kusan 133 MeV/c, ƙarfin riƙo wajen 2.16 MeV.

Faɗin karo ya fi ƙarfin riƙo wuyar fassara, domin samuwar K⁺ a kan furoton a ƙananan kusurwoyi ba ta da isasshen awo, kuma lissafe-lissafen masana sun saɓa a daidai wurin. Bayanan haidirojin da aka ɗauka don saiti su ma awo ne na wannan, a fitar da su.

Cibiyoyi masu nauyi su ne inda aka nufa yanzu, domin zurfin ramin da Lamda ke ji, kimanin 30 MeV, da yadda yake sauyawa idan nutiron sun yi yawa, su ne ke shiga lissafin taurarin nutiron, waɗanda tun 2010 aka ga masu nauyin rana biyu, abin da lissafi mai Lamda ke shan wuyar ɗauka. Cibiyar Jefferson ta amince da gwaji a kan kalsiyom-40 da kalsiyom-48, da kuma dalma-208. Mai shirin irin wannan ya sani tarkacen birki na hawa da murabba'in lambar caji: a kuromiyom-52 na 2009 dole aka sauke kwarara ƙasa da mikro'amfiya 10. Matakan kuma na matsowa kusa da juna, dalma na narkewa a digiri 327, kuma faifan dole ya fi na kabon siranta. Shi ya sa sabon tsarin ya maye gurbin maganaɗisu mai rabawa guda ɗaya da guda biyu, kowane hannu da nasa, nesa kaɗan da faifai, yadda ragowar kwarara da fositiron za su wuce ta tsakiya kai tsaye zuwa ramin zubarwa.